Ɓarawon da ke cikin tafin hannuna

Ni dai ban taɓa ganin fuskar wayata ba, muryarta na sani. Tun da ƙyanda ta tafi da idona ina yaro, kunne ke yi mini karatu. A wayar akwai TalkBack, manhajar da Google ya sa wa Android tun 2009: ka ɗora yatsa ta faɗa maka abin da ka taɓa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Tawa da Faransanci take magana, da muryar mace, shi ya sa uwargida ke ce mata amarya. Don burga na ƙara mata sauri har ta koma kamar mai faɗa a bakin rijiya. In ina zaune a majalisa nan Sae Sabuwa, mutane kan ce, "Malam, kana gane wannan?" In ce sarai. Rabi nake ganewa.

Wata Laraba saƙo ya shigo Gmail ɗina daga ƙungiyarmu ta makafi. Na ji "gayyata", na ji "Maradi", na ji "kuɗin mota". Kuɗin motar nan ne ya sa hannuna rawa. Na ja yatsu biyu in koma kansa, amarya ta yi wani ɗan guntun gunaguni, shi ke nan. Na lalubi sama, na lalubi ƙasa, babu saƙo babu dalilinsa.

Da ɗan ƙanwata na fara, don shi ke aron wayar yana kallon kokowar Isaka Isaka. Ya rantse, "Wallahi Kawu ban taɓa ba." Na ce ɓarawo ma rantsuwa yake, na hana shi wayar. Kashegari saƙo biyu suka sake ɓacewa, yaron kuwa yana gona. Sai na koma kan mai cajin waya, na ce hasken ranarsa ne ke tsotse mini saƙonni. Ya ce in haka ne in biya shi bashin dala arba'in in kai wani wuri. Na janye ƙara.

Uwargida ita ta yanke nata hukuncin: saƙon wata ne nake gogewa, amarya na rufa mini asiri. Wani maƙwabci kuma ya kawo garwashi da habbatus sauda muka turara wayar. Ta yi ƙamshi dai.

Ran kwana tara na hau kabu-kabu zuwa Maradi. A ofishin ƙungiya na tarar da wata yarinya makauniya, muryarta ba ta wuce ta ƴata ba. Ta ce, "Baba, rage mata sauri, sannan ka ja yadda ka saba." Na rage, na ja. Amarya ta faɗa a natse, tsaf: an kai saƙo ma'ajiya.

Yarinyar ta yi dariya har da tari. Ashe idan TalkBack na kunne, jan yatsu biyu daidai yake da jan yatsa ɗaya na mai ido, kuma a Gmail in aka ja saƙo gefe sai ya tafi ma'ajiya. Ni kuma yatsuna a karkace suke tafiya, kamar kunyar da rago ya yi. Duk lokacin da na ɓatar da saƙo wayar na gaya mini, har ta ba ni ƴan daƙiƙu in fasa. Ni ne ban ji ba, ina burga.

Ta ce sa'ata ɗaya ba kwandon shara na tura su ba, can kwana 30 ne su tafi har abada. Ta buɗe wurin da ake tara dukkan saƙonni, ga su nan reras, har da na wanda ke bina bashi, wanda da ma ban yi kewarsa ba. Sannan ta shiga saiti ta kashe jan gefen nan gaba ɗaya.

Muka saurari gayyatar har ƙarshe. An gama taron tun shekaranjiya, an raba kuɗin mota. Taron kuwa na koya wa makafi amfani da imel a waya ne. Na sayi ƙuli-ƙuli na jaka guda don ɗan ƙanwata, amma har yau bai yarda mun shirya ba.