Wai Kai Ne Ka Ce Ƙauye Ba Shi Da Abin Kallo?

To, ɗan birni, gyara zama. An kawo mini tsegumi cewa ka ce in an wuce shataletalen ƙarshe na Sakkwato babu sauran abin gani sai gero da jakuna da ƙura. Har da ƙarin gishiri, wai tarihi na gaske yana Masar, can wajen dalar Fir'auna. Madalla. Kai da ko Bodinga ba ka taɓa kwana ba, ga ka kana raba wa duniya tarihi da mudu.

Bari mu fara da shekarun birnin da kake taƙama da shi. A 1809 Muhammadu Bello ya kafa shi. Shehu kansa bai tare a ciki ba sai 1815, daga Sifawa ya taso, shekara biyu bayan nan ya rasu. Wato a zuri'ar garuruwan ƙasar nan, naka na baya-baya ne. Yayyensa suna can daji, ka wuce su a mota kana danna waya.

Ka ce waɗanne yayye? Surame mana. Na ga ka yamutsa fuska, ka ɗauka sunan magani ne. Tana cikin ƙaramar hukumar Binji, kuma Muhammadu Kanta ne ya gina ta a ƙarni na 16, bayan ya raba gari da Askiya na Songhai kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Mutumin da ya dubi Askiya ido cikin ido ya ce rabon bai yi masa ba, ai ka san ba zai kewaye gidansa da kara ba. Da duwatsu ya ja ganuwa, a ƙasar da kowa ya saba da tubali da jar ƙasa. Masu ba da labari sun ce sai da ya tara ƙasashen da ke bin sa kowa ya gina rabonsa, kuma wai Nufawa da suka makara an sa su kwaɓa ƙasar gininsu da man kaɗe maimakon ruwa.

Ka ce ƙarya ce? Ƙarya a gidan wa! To, na ji, zancen man kaɗe na baka ne, ban ce ka rantse a kansa ba. Amma katangar ai ba ta baka ba ce. Tana nan, in ka yi tuntuɓe da ita farcenka zai ba da shaida. Kabawa, mutanen Kanta, sun tashi daga Surame tun farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi, shekara wajen ɗari uku ke nan babu mai yi mata yaɓe, ga ta a tsaye. Katangar gidanka ta bulo da siminti damina nawa ta yi kafin ta tsage? Kar ka amsa, maƙwabta suna ji.

Ka ce in da wurin yana da daraja da gwamnati ta san da shi? Ta sani, ranka ya daɗe. Tun 1964 aka sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 2007 kuma sunansa ya shiga jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO. Takarda kam an rubuta. Abin da ya rage kawai masu zuwa gani, kuma da irinka aka yi lissafi.

Na san inda za ka ɓullo yanzu. Za ka ce Surame kaɗai ce, sauran duk tudun ƙasa ne da kukoki. Alkalawa kake nufi, ko? Tudun ƙasar nan na wajen Sabon Birni shi ne tsohuwar fadar Gobir, inda Bawa Jan Gwarzo ya zauna, inda Yunfa ya faɗi a 1808 da rundunar Bello ta ci garin. Ginin ƙasa kamar jariri yake, kowace shekara yana son hannu. Ran da sarki ya tashi, magina suka bi shi, damina ta karɓi mulki. Saboda haka in ka ga kufai ya kwanta, ba ƙanƙantarsa ta kwantar da shi ba, rashin mai yaɓe ne. A nan dai zan sassauta maka: hanyar gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ba ta yawon buɗe ido ba ce, kowa ya san halin tsaro. Amma kafin wannan fitina, me ya hana ka? Ka ga ka yi shiru.

Degel fa? Ɗan wurin nan na ƙasar Gwadabawa da ba za ka tsaya sayen ruwa a cikinsa ba, daga nan Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto. Ka haddace wannan don jarrabawa, ka ci maki, ka manta wuraren suna da hanya.

Sai Wurno, wadda kai a wajenka garin albasa da tafarnuwa ce kawai. Can Bello ya kafa ribaɗi, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Da Bature Barth ya ratso a 1853, a Wurno ya sauke kaya ya yi makonni, domin a nan Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake zama. Mutum ya taso daga Jamus, ya keto hamada a kan raƙumi ya iso. Kai kuma da motar haya ke kai mutum cikin awa guda da 'yan kai, ka ce nisa.

Ka ce aƙalla ka taɓa zuwa Wurno sau ɗaya? Na sani, an gaya mini. Buhun albasa ka je ɗauka, kuma har yau mai ita yana cigiyar cikon kuɗinsa.