Ɗan Buga-buga da Iyayen Gidansa

Buga-buga, a yadda ake fahimtar kalmar a Kalmalo ta Ƙaramar Hukumar Illela, sana'a ce ta wanda ya ƙi tsayawa kan sana'a ɗaya, domin da damina manomi ne, da rani mai lambun albasa, tsakanin sallolin yini ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, ranar Lahadi kuma dillalin awaki ko ɗan canjin naira da sefa a kasuwar Illela. Abin tinƙahonsa shi ne ba shi da oga, ba ya sa hannu a rajista da ƙarfe takwas, har yakan dubi malamin makaranta mai jiran albashi da idon tausayi.

Sai dai dangi sun daɗe da fassara rashin oga da rashin aikin yi, saboda haka duk hidimar da ta taso a zuri'a kansa take faɗawa. "Ɗana, tunda kai ba ofis gare ka ba, kai ni gaisuwar mutuwa Birnin Ƙonni," in ji gwaggo, ladan kuwa ba ya wuce "Allah ya yi albarka", addu'a mai girma wadda gidajen mai ba su karɓa, balle tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023. Malamin makaranta kuwa, da ya ce yana aji an ƙyale shi. Shi ko ɗan buga-buga layi biyu ne a wayarsa, na Nijeriya da na Nijar, wanda ya ba ƙasashe biyu damar tashinsa daga barci.

Lokacinsa ma na roba ne, kuma ma'auninsa shi ne "bayan La'asar", wa'adin da kan miƙe har Isha'in jibi. Da shi yake sallamar masu jiransa, da shi kuma masu riƙe da kuɗinsa suke sallamarsa.

Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai ya gane ashe yana da oga a Abuja, mai ba da dogon hutu ba albashi ba sanarwa. A waɗannan watanni malamin makarantar nan ne ya ranta masa kuɗin taki, biyan kuwa yana nan tafe, bayan La'asar.