Tsegumi: Mutum Huɗu Suka Yi Zaɓe, Gari Guda Ya Sha Musu

Matso kusa, kuma ka rage murya. A Birnin Gwari ba ka san wanda ke zaune a ƙarshen benci ba. Wataƙila shayinsa yake jira ya huce, wataƙila infoma ne, maganarka yake jira ta nuna ya kai daji. Abin da zan faɗa maka ɗin nan, in ka ji shi a wani wuri, ba daga bakina ya fito ba.

A 2022, tun da aka sha ƙaramar Sallah garin nan bai da zance sai na zaɓen fidda gwani. A tasha shi ne, a majalisar bayan la'asar shi ne, har a zaman makoki, da an shafa fatiha sai ka ji wani ya gyara murya ya ce, "To, ya kuka ga Wazirin Adamawa?" Na san aminai biyu da suka yi shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya, yanzu kowa a zaurensa yake ci, wai a kan Jagaba Tinubu da Farfesa Osinbajo. Abin dariyar, ko ɗaya daga cikinsu bai da ƙuri'a a wannan zaɓe. Ni ma ba ni da ita. Kai ma haka.

Wani tsohon hedimasta ne ya yi mana lissafin a teburin mai shayin nan na bakin tasha, da ɗan yatsa a kan ruwan da ya zube a katako. Ya ce PDP daliget ɗaya ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, APC kuma uku. To ga Birnin Gwari da gundumominta goma sha ɗaya, daga Magajin Gari zuwa Kuyello, daga Randagi zuwa Dogon Dawa, mutum huɗu ne suka je Abuja da sunanmu. Huɗu! Ko layin sallar asuba a masallacin unguwarmu ya fi haka, duk da sanyin damina.

Wani yaro mai jar hula ya ce, "Baba, ai da ƙato bayan ƙato aka yi, da kowa ya fito ya nuna gwaninsa." Hedimasta ya kalle shi ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, ai an so a yi." Majalisa ta saka wannan sharaɗi a dokar zaɓe, amma a watan Disambar 2021 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu, cikin dalilan da ya bayar har da tsadar abin da kuma matsalar tsaro. Sai da aka sassauta sharaɗin sannan ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. "Kun ji ko?" in ji hedimasta. "Rashin tsaron da ya hana mu noma, shi aka kafa hujja da shi aka hana mu layi." Teburin ya yi tsit. Mai shayi ma sai da ya sauke buta.

Amma tsit ɗin Birnin Gwari ba ya daɗewa.

Daren 28 ga Mayu, da PDP ta taru a filin wasa na Abuja, rediyo uku aka jera a teburin, kowace da tasharta, ga masu waya suna ɗaga hannu sama suna farautar sabis. Akwai wani direban Golf da ya rantse da girman Allah Wike ne zai ci. Hujjarsa? Wai shi mutumin masifaffe ne, kuma dajin nan masifaffe yake so, an gaji da masu sanyin murya. Ɗan kamashon tasha ya ce masa, "Kai dai ka ji ƙamshin dala ne daga nesa." Ana cikin haka aka ce Tambuwal ya koma kan mumbari ya janye wa Atiku, Wazirin Adamawa. Direban nan ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya tafi gida bai yi sallama ba. Da gari ya waye Atiku na da 371, Wike 237, Saraki 70. Wani dattijo da ke tunawa da taron SDP na Jos a 1993 ya ce shi tun yana da baƙin gashi yake jin sunan Atiku a fidda gwani, yanzu ga furfura har gira, ana nan dai ana yi. Magoya baya suka ce wannan shi ake kira naci. 'Yan adawa suka ce wannan shi ake kira rashin zuciya. Duk kalma ɗaya suke nufi, kowa ya sa mata rigar da ya ga dama.

Na APC mai tsintsiya kuwa shi ne ya kusa jawo dambe.

Ka san a nan ba a auna ɗan takara da ma'aunin Kano ko Legas. Mudu ɗaya gare mu: hanya da daji. Duk wanda aka ambata, tambayar farko ita ce, "Zai buɗe hanyar Kaduna?" Da aka zo kan Amaechi, masoyansa suka ce ai Ɗan Amanar Daura ne, shi ya riƙe ma'aikatar sufuri, jirgin ƙasa ya zama abin hawan kowa. Sai wata murya daga duhu ta ce, "Wane jirgin? Wanda aka tare ranar 28 ga Maris?" Ka san a lokacin akwai sauran fasinjojin jirgin nan a hannun mutanen daji. Masoyan suka ce ai shi da bakinsa ya ce ya nemi a sayo na'urorin sa ido aka hana shi. Muryar ta ce, "To wanda aka hana yana minista, mu me ya haɗa mu da kukansa? Mu ma kuka muke." Ban ga fuskar mai maganar ba, amma na san takalmin. Ba zan faɗa ba.

Osinbajo kuma malaman makaranta ne suka riƙe masa wuta, wai ya iya magana, wai lokacin da ya riƙe ƙasa Baba Buhari na jinya a Landan abubuwa sun ɗan motsa. Wani mai sayar da taki ya ce shekara bakwai yana kujerar gaba a motar, bai taɓa ce wa direba a bi ta Buruku da Udawa a ga yadda muke ba.

Ranar 6 ga Yuni labari ya faso cewa shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha. Ka ga murna a wajen masu cewa mulki ya zauna a Arewa! Wani har ya sayi lemo ya raba. Kafin lemon ya huce gwamnonin Arewa na APC, har da namu na lokacin, Malam Nasiru, suka tsaya kai da fata cewa mulki Kudu zai koma. Mai lemo ya bi mutane da kallo kamar ya ce a amayo masa.

Amma hujjar da ta fi ba ni dariya, kuma ta fi tsaya mini a rai, ta wani mai facin taya ce. Shi Jagaba yake yi, ba don jawabin Abekuta ba, inda mutumin ya ce shi ya taimaki Buhari ya hau kuma yanzu lokacinsa ne. A'a. Cewa ya yi, titin nan da ya ratsa ƙofar gidanmu, ya bi ta Tegina ya sauka Mokwa, ai hanyar Legas ce. Da can tireloli ba sa yankewa dare da rana, shi kaɗai yana da yara huɗu a ƙarƙashinsa, mai abinci na ci, mai ruwan sanyi na ci. Yanzu sai ya wuni bai taɓa taya ba. "Mutumin Legas ba zai bari hanyar garinsu ta mutu ba," in ji shi. Dattijon nan na taron Jos ya girgiza kai ya ce, "Yaro, a 2015 haka muka ce. Muka ce soja ne, ɗan Katsina ne, maƙwabci ne, dajinmu da nasu a haɗe suke. Sai da aka yi kisan Gwaska a watan Mayun 2018 sannan aka amince a kafa mana bataliya. Yau ina tambayarka, ka isa ka tafi Kaduna ba rakiyar soja hankalinka kwance?" Mai faci bai amsa ba. Ya dai ce a ƙara masa sukari.

Ranar 8 ga Yuni aka ƙirga: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152. Badarun Jigawa na cikin waɗanda suka janye masa. Mai faci ya yi ta zagaya tasha yana karɓar barka kamar shi aka haifa wa ɗa namiji.

Bari in ɗan kauce. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. A makon da ake ta yayata hotunan masu sayen fom, har da waɗanda suka ce wai ƙungiyoyin talakawa ne suka saya musu, wata baiwar Allah ta shigo gidanmu da ɗan kwanon sha rufe da mayafi. Kuɗin fansar mijinta take haɗawa. An sayar da gona, an sayar da keken ɗinki, saura kaɗan. Uwargida ta ba ta abin da ya sawwaƙa, ta raka ta zaure. Da ta dawo sai ta ce da ni, "Malam, wai fom ɗin nan takarda ce ko ƙasa ce ake saya?" Na ce takarda ce. Ta ce, "Allah Ya kyauta," ta koma kan tukunyarta. Ban sake kunna rediyo ba ranar.

To, mu koma kan abin da ka zo ji.

Manyan huɗun nan da suka je Abuja, aljihun mutum ɗakinsa ne, ba na shiga ba sallama. Jaridu dai sun yi ta zancen dala a otal-otal, har jami'an EFCC sun leƙa filin taro. Amma ƙananan daliget na gunduma, masu zaɓen ɗan takarar gwamna da na majalisa, waɗannan a gabanmu suke, kuma kakarsu ta yanke saƙa. Akwai wanda bara a kan bashi ya yi layya da ɗan akuya, bana tun Sallah da saura kwanaki ya ɗaure rago a ƙofar gida, irin mai ƙahon nan da ya nannaɗe sau biyu. Yaran unguwa sun raɗa wa ragon suna "Daliget". Akwai wanda matarsa ta je biki da leshi mai duwatsu, ƙawayenta na taɓawa suna tambayar kuɗinsa, ita kuwa tana cewa wai tsohon ajiya ne. Tsohon ajiya da shatin ninkin kanti a jiki! An kuma raɗa mini wani ya karɓa a hannu uku, ya rantse wa kowanne, ya shiga rumfa ya zaɓi na huɗu. Yanzu wayarsa a kashe take, in an tambaya sai iyalinsa su ce matsalar sabis ce. A garin da aka taɓa yanke mana layukan waya gaba ɗaya a 2021, wannan uzuri ba ya tsufa.

Dalilin kashe wayar ba ɓoyayye ba ne. Tun da jaridu suka ruwaito cewa Adam, ɗan tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo, ya nemi daliget su maido masa naira miliyan bibbiyu bayan ya faɗi takarar majalisar wakilai ta Kaduna ta Arewa, hankalin duk wani mai rago ya tashi. Kowa ya ci ladan kuturu dai an san sauran. Shi kuwa Sanata Shehu Sani da ya ce ba zai ba kowa sisi ba, ƙuri'a biyu ya samu a neman takarar gwamna a PDP, Isa Ashiru ya kwashe. A teburinmu an yi mahawara a kan mutum biyun da suka zaɓe shi kamar waliyyai. Wani ya ce masu tsoron Allah ne. Ɗan kamasho ya ce kuskuren rubuta suna suka yi. Sai aka kawo labarin daliget ɗin PDP na Sanga, can kudancin jihar, wanda ya dawo daga Abuja ya raba wa marayu da mabuƙata miliyoyin da ya samo. Mai shayi ya buɗe littafin bashinsa, ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya ce shi ba ya neman sadaka, a dai biya shi na ƙwai da burodi.

Yanzu matso sosai, don wannan ba ta teburi ba ce.

Duk wannan hayaniya a cikin gari take. Gabashin ƙasar nan, wajen Damari da Tsohuwar Kuyello, wani zance ake. Ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta fito ta faɗa a jarida cewa 'yan Ansaru sun hana harkar siyasa a garuruwan da suke iko da su, har ta ba da labarin wani ɗan acaba a gundumar Kazage da ya sha dukan kawo wuƙa saboda an ga hoton ɗan takara manne a babur ɗinsa. Su mutanen can tsakanin wuta biyu suke: ga 'yan bindiga masu sa harajin noma, ga masu wa'azi da bindiga da ke cewa su ne kariya. Manomi zai biya kafin ya yi shuka, ya biya kafin ya girbe, sannan a ce masa hoton wanda zai zaɓa ma haramun ne. Cikin duk masu neman kujerar nan da suka yi ta zagaya jihohi suna ganawa da daliget a ɗakunan taro masu sanyi, ban ji wanda ya ce a kai shi Damari ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na ga wani mutumin gabas a bayan tasha, ya ɗaure buhun taki rabi a bayan babur, ya tsuguna da reza yana kankare wani hoto daga jikin tanki. A hankali yake yi kada ya ɓata fenti. Ya cire hula, ya cire sunan jam'iyya, saura ido ɗaya da gefen murmushi. Na gaishe shi, na ce, "Kawu, gwanin naka ne ya faɗi?"

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hagu da dama, ya ce, "A'a, ɗana, nawa ne ya ci. Gida zan koma."

Ya tofa yawu a kan ragowar, ya goge da gefen riga, ya buga babur.