Yadda Ake Auren Rajista Ba Tare da Gwaggo Ta Suma Ba

Ango, kafin ka fitar da anko, zauna mu yi maganar da abokanka ba za su yi maka ba, don su hankalinsu yana kan shinkafa. A ƙasarmu ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, in aka ce aure kowa ya san abin da ake nufi: waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, a ambaci sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro da alawa, sanƙira ya ɗaga murya. Kafin rana ta dame ka an gama, kuma dokar Nijeriya ta amince da wannan aure ɗari bisa ɗari. Sai dai akwai wani auren daban, na rajista, wanda wasu ke kira auren kotu. Masu nemansa a wajenmu su ne 'yan'uwanmu Kiristoci Hausawa, da ma'aikatan da aiki ya kawo daga kudu, da 'yan hidimar ƙasa da suka zo shekara guda zuciya ta riƙe su, sai kuma samarin da wani ya raɗa wa cewa ba a samun biza sai da takardarsa.

Ku na ƙarshen nan, ku matso kusa. Auren rajista ba takarda ba ce da ake liƙa wa auren da aka riga aka sani. Aure ne mai dokarsa, Dokar Aure ta tarayya wadda asalinta ya koma 1914, kuma ginshiƙinta mace ɗaya ce tal. Idan a gidan da kake ginawa akwai wani ɗaki da ka ce wa magina na baƙi ne, alhali kai da Mahaliccinka kun san ba baƙo aka yi wa shi ba, to ka mayar da biro aljihu. Wanda ya yi auren rajista sannan ya ƙaro wata ta hanyar al'ada, dokar ta tanadar masa ɗaurin shekara 5. Wanda yake da mata a gida ya lallaɓa ya yi rajista da wata daban, shi ma shekara 5. Rabuwa kuma, Allah ya kiyaye, ba a zaure ake yin ta ba: sai an je Babbar Kotu ƙarƙashin dokar rabuwar aure ta 1970, kuma a shekara biyun farko galibi ba a ma karɓar ƙarar sai da izinin alƙali. Har rabon gado abin yana iya taɓawa, don haka a ga lauya tukuna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Musulmin da shaida kawai yake buƙata, ya nemi takardar shaidar aure wajen limamin da ya ɗaura ko kotun shari'ar garinsu, ya kuma tambayi ofishin da ya nemi takardar wace iri yake karɓa. Na fi son ka sha wahalar tambaya da ka jefa 'yar mutane da kanka cikin abin da ba ku fahimta ba.

To, kun ji, kun gani, kun yarda, ita kaɗai ce har abada? Madalla. Sa hularka mai kyau ka nufi sakatariyar ƙaramar hukuma, domin tsarin mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukanta. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya ita ma tana da nata ofisoshin, irin shahararren nan na Ikoyi a Legas, kuma ɓangarorin biyu sun sha zuwa kotu kan wa ke da hurumin me. Ba kai za ka raba musu gardama ba. Naka shi ne ka tambayi rajistara baki da baki ko takardar da zai ba ka ta Dokar Aure ce, in ba haka ba ya nuna maka inda za ka. Duk abin da ka biya, karɓi rasit. Mutumin da ya tare ka a gindin darbejiya ya ce shi ya san kowa a ciki, gaishe shi da kyau, tambaye shi iyali, ka wuce.

Za a ba ka takardar sanarwa ka cike. A nan ne za ka tuna cewa kana da suna na gaskiya. Duk kasuwar Sheme ta san ka da Ɗanjummai, mahaifiyarka ba ta taɓa furta sunanka ba saboda alkunya, takardar firamare ta rubuta shi wani iri, katin ɗan ƙasa wani iri. Ɗauki na katin, harafi da harafi, ita ma amarya haka. Auren da aka ɗaura da sunan ƙarya da sanin ma'auratan biyu, a idon doka babu shi. Sannan za ka yi rantsuwa cewa ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, cewa babu dangantakar da ta haramta, kuma babu wanda ke da igiyar wani a kansa. 'Yar baffa da 'yar kawu ba sa cikin waɗanda aka hana, masu auren zumunci su kwantar da hankali. Wanda bai kai shekara 21 ba sai ya kawo yardar mahaifi a rubuce. "Baba ya gyaɗa kai" ba ta shiga fayil.

Daga nan sai a manna sunayenku a allon ofis na kwana 21, kowa ya gani. Wannan shi ne wurin da ake samun suman gwaggo. A garin da sirri ba ya wuce daga asuba zuwa hantsi, kada ka yi tsammanin masinjan ofis ba shi da ƙanwa da ke aure a unguwar gwaggonka. Ka riga allo isa gidanta. Je da goro, durƙusa, ka ce, "Gwaggo, wata 'yar takardar gwamnati ce za mu sa wa hannu, amma kamu da lalle da buɗar kai duk suna hannunki." Za ta ce, "Yau na ji ikon Allah, aure a ofis kamar biyan haraji?" Bar ta ta faɗa, hakkinta ne. In ta gama, ita za ta fara lissafin buhunan masara na waina.

Kwanakin nan 21 ba na ado ba ne. Duk wanda ya san dalili na gaskiya da zai hana auren, yana iya zuwa ya rubuta hani a littafin sanarwa, da sunansa da mazauninsa da hujjarsa, maganar ta tafi gaban alƙalin Babbar Kotu. Tsohon saurayin da haushi kawai ke ci ya sani: in hujjarsa ta zama iska, alƙali na iya sa shi biyan diyya. Kai kuma yi amfani da lokacin ku je asibiti a gwada jininku. Sikila ba ta tambayar a ina aka ɗaura aure, kuma wahalar da yaro ke sha da ita ta fi ƙarfin kowace kunya.

In kwanakin suka cika lafiya, rajistara zai ba da takardar izini. Kula, sanarwar wata uku take rayuwa daga ranar da aka ba da ita. Manomin da ya ce sai masara ta ƙara tsada a Dandume zai sa rana, yana iya tarar da takardarsa ta mutu kafin farashi ya motsa, a koma farko. Sayar da auduga da waken suya tukuna, sannan ka je ofis.

Saura wuri. Biyu ne: ofishin rajistara, ko majami'ar da gwamnati ta ba lasisin ɗaura aure. Zauren taron otal a Funtuwa, komai sanyin na'urarsa, wurin cin abinci ne, sai fa in an samo lasisi na musamman daga minista. Ba kowace majami'a ke da lasisi ba, kuma babu rashin ladabi in ka ce, "Baba Fasto, a taimaka a nuna mini takardar." A majami'a ana ɗaurawa tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, a ofis kuwa daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, ƙofa a buɗe. Ƙarfe huɗun nan na agogo ne, ba "bayan la'asar kaɗan" ba. Don haka a gaya wa mai kwalliya ƙarfe bakwai, a gaya wa ƙawayen amarya takwas, kai ka riƙe goma a zuciyarka. Da akwai dalilin da ya fi wannan nauyi: mun san halin da hanyoyinmu ke ciki, daga ta Ƙanƙara zuwa Sheme har ta 'Yankara. A ɗaura da hantsi, a ci abinci da azahar, baƙi su isa gida da sauran rana. Wanda ya ce ba zai iya zuwa ba saboda hanya, a yi masa uzuri, a aika masa da nasa ƙunshin.

Shaidu biyu doka ta nema. Ka zaɓi masu zuwa kan lokaci, masu iya sa hannu iri ɗaya sau biyu. Sauran motoci ukun da suka biyo ka su tsaya a inuwa, domin ofishin ba zai ɗauke su ba, kuma guɗa a kunnen ma'aikacin da ke rubuta sunanka tana iya mayar da Talatu Talle. Rajistara zai karanta muku gargaɗi kan auren wani alhali ɗayanku na raye ba a raba ku ba. Saurara da kunne biyu, ba lokacin gyara hula don mai hoto ba ne.

In an miƙo takardar, karanta ta a tsaye kafin ka fita: sunaye, rana, wuri, sa hannun shaidu. Kuskuren da ba a gyara ranar ba, sai ya ci maka kuɗin mota da takardar rantsuwa daga baya. Ɗauke ta hoto a waya, yi kwafi biyu, ka sa ta asalin a leda cikin akwatin ƙarfe inda ɓera da yoyon damina ba sa kaiwa, makullin kuma ka ba amarya.