Yaƙin Tumbi a Garin Masa

Duk wanda ya ƙirƙiro babbar riga, Allah ya saka masa da alheri, ya rufa wa maza asiri. Shekaru na yi ina zuba shadda ina tafe ana "Alhaji, Alhaji", alhali ko Kano ban cika zuwa ba, balle Makka. Tumbin ne ya sauke mini farali a idon jama'a.

Likita ne ya tona ni. Ciwon kai ya kai ni, sai ya jawo tef irin na tela ya zagaye mini ƙugu. Ya ce awon ƙugun mutum bai kamata ya kai rabin tsayinsa ba, nawa kuwa ya wuce ya yi gaba. Na ce, "Likita, ai wannan rufin asiri ne." Ya ce, "Malam, hawan jini da ciwon suga ne ke maka sallama." Ya yanka mini motsa jiki na minti 150 a mako, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ya ce kuma in rage mai da zaƙi.

Bayan Asuba na fito layinmu a unguwar Jahun da ke Bauchi da wandon ƙwallo, na sa gudu. Babban mutum ba ya gudu a cikin gari sai da dalili, kuma jama'a suna da haƙƙin sanin dalilin. Wani dattijo ya tare ni, "Subhanallahi, gobara ce?" Mai Keke ya ci birki, "Alhaji hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Ga kuma gaisuwa. Ba yadda za a yi ka wuce abokin mahaifinka da gudu, dole ka durƙusa a yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki. Kafin in kai Ƙofar Wunti cinyoyina sun yi tsami, ba don gudu ba, don durƙuso.

Sai na koma filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, gidan Wikki Tourists, inda ba a zargin mai gudu. Can na tarar da 'yan'uwana masu tumbi, ma'aikata da 'yan kasuwa, muna zagaye muna huci muna ƙarfafa wa juna gwiwa. Mutanen kirki ne ƙwarai. Aibinsu ɗaya: da an tashi, sai wani ya ce, "Jama'a, a je a karya." Kuma a Bauchi idan aka ce a karya, masa ake nufi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tanda ya ga ana ɗiga mai a kowane gurbi ba, ƙullun shinkafa na kumbura yana ja a gefe, ga miyar taushe na tururi, ga yajin ƙuli, bai isa ya yi mini wa'azin haƙuri ba. Mai masar ma ta san mu. "Sannunku da wahala, Alhazai. A ƙara biyar?" Ban taɓa jin wanda ya ce a'a ba.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar ATBU ne ya ɓata mini rai da lissafi. Ya ce, "Yaya, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na shinkafa ko suga 4. Kafin kilo ɗaya na kitse ya narke sai ka ƙona wajen kalori 7,700. Mai nauyinka, kusan kilo 100, yana ƙona kamar 100 a gudun kilomita guda." Wato kilo ɗaya tak sai na yi gudun da ya fi rabin hanyar Jos, ni kuma ina mayar da abin da na ƙona a zama ɗaya gaban tanda. Na ce to zan riƙa kwanciya ina tashi, in matse cikin kawai. Ya ce jiki ba ya zaɓar inda zai cire kitse don an matsa wurin. Ya ƙara da cewa yawancin kitsen da ya narke ta numfashi yake fita. Wannan ta yi mini daɗi. Da dare na zauna a falo ina jan iska ina fesarwa da ƙarfi, har uwargida ta fito a firgice da garwashi da habbatus sauda tana karanto addu'a.

Ita ce ta karɓi ragamar abinci. Tuwo ya koma malmala ɗaya, lemon kwalba ya ɓace, kwaɗon zogale ya zama abincin dare, shayi ba suga, abin da ni dai ban yarda sunansa shayi ba. Gidan suna da ɗaurin aure kuwa sai dabara, don ƙin cin abincin mutane zagi ne. Na koyi riƙe cokali ina surutu har a kwashe faranti.

Abin mamaki, tumbin ya fara saɓewa. Nan masifar ta soma. A masallaci wani ya riƙe hannuna ya daɗe yana "Allah ya sa kaffara ne." Wani abokina ya cusa mini kuɗi a aljihu ya ce in sayi magani. Mai shagon da ke bi na bashi ya zo har gida, murya ƙasa-ƙasa, wai in daure in biya tun da sauran lokaci.

Labari ya isa kunnen Inna. Ta sa aka kira uwargida, ta tambaye ta laifin da ɗanta ya yi mata da take horar da shi da ganye kamar akuya. Na ce, "Inna, likita ne ya ce." Ta ce, "Likitan ne ya haife ka?" Tun ranar kullum safe sai ga kula cike da masa daga gidanta, kuma ƙanen nawa mai lissafin kalori aka ɗora wa aikin zama ya ga na cinye. Munafukin yana ƙirgawa yana dariya, yana taya ni.

Na koma na kai wa likita ƙara. Ya ce in zo masa da Inna ya yi mata bayani da kansa. Da na faɗa mata, ta tambaya ko yana da jiki. Na ce siriri ne.

"Ka gani ko? Shi ma ba mai kula da shi. Ce masa ina tafe ranar Litinin, kuma kada ya karya."