Babur Ya Rame, Mai Shi Yana Nan

Wanda ya sayi Yamaha R1, babur ɗin da ya fara fitowa a 1998, ya sayi abin da injiniyoyin Japan suka daɗe suna aunawa. Amma kafin taya ta yi ƙura, maigida ya gano musu kuskure. Sai ya kwance salansar kamfani ya ɗaura ta Akrapovič, ta ƙarfen titaniyom daga Sloveniya, wai don a rage nauyi. An rage kuwa, 'yan kilo. Sai dai babur ɗin da mansa wajen kilo 200 ne, kuma nauyin da ya fi arhar ragewa yana bisa sirdi, ya ci ya ƙoshi. Kashe kuɗi bai ƙare ba: tunda salansa ta buɗe, sai an sake saita kwamfutar injin don mai da iska su daidaita, in ba haka ba inji ya riƙa ɗaukar zafi.

Za a ce ƙarar tana ceton rai, direban mota zai ji ka tafe. To, bakin salansa baya yake kallo. Wanda ka riga ka wuce ne ke shan ƙarar, da maƙwabcin da ya koma barci bayan asuba. Za a kuma ce ai kuɗinsa ne. Ba mai ja. Taya mai kyau dai, da sabon man birki, da sarƙar da ta sha mai, su ke riƙe mutum a kwana, amma tunda ba su da murya, sukan jira ƙarshen wata.