Akwatin Baffa da Harafin da Ya Ɓuya

Lokacin da Allah ya karɓi ran Baffana a nan Dutsi, bayan an yi sadakar arba'in aka zauna lissafin tarika, sai aka ɗora mini wakilcin magada, ba don ilmina ba, sai don ni kaɗai ne a zuri'ar nan nake sa tabarau, alhali mutanenmu sun ɗauka duk mai tabarau ya san abin da ke rubuce. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, ni kuwa ɗan ƙanensa na shigo a matsayin asaba, liman ya buga fara'ili daga ashirin da huɗu: Inna tumuni, wato uku, 'yan matan sulusi biyu, wato sha shida, ni kuma biyar da suka saura.

A cikin kayan akwai wani akwatin ƙarfe mai fuska kamar azurfa, jere da maɗaukan murɗawa, wanda Inna ta shekara talatin tana ɗora tasoshinta a kai. Baffa ya saye shi a Kaduna a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka sauka a aljihun ma'aikata har masinja ya fara tambayar farashin babur, daga hannun wani Ba'amurke malamin makaranta mai shirin komawa gida. Na sa gefen rawani na goge fuskar, rubutu ya bayyana: Marantz, sannan Model 7, daga nan sai wani busasshen tabon manja wanda ban ga dalilin wahalar da rawanina a kansa ba.

Wani jikan gidan, mai wayar da ba ta barin tafin hannunsa, ya bincika intanet, ya ɗago kai idanunsa sun yi jajir. Ya ce wannan na'ura wani mai suna Saul Marantz ya fitar da ita a New York a 1958, daidai lokacin da faifan sitiriyo ya shigo kasuwa, cewa a cikinta akwai bawul shida na gilashi, kuma masu sha'awarta a Japan da Amurka suna biyan dubban daloli. Da ya juya dalolin zuwa naira, sai na ga sifirai sun jeru kamar awaki a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake istigfari a kansa, domin maimakon in kame bakina, kamar yadda shari'a da hankali suka hukunta wa amintacce, sai na tara magada a zaure, na gyara tabarau, na faɗi adadin da babbar murya, har na raba wa kowa rabonsa a takarda. Kafin la'asar Inna ta yi niyyar Umra, kafin magariba ni kaina na taya wata gona.

Sai Shaiɗan ya raya mini cewa ba a kai doki kasuwa ba a ji haniniyarsa ba. Na aro lasifikar da ake wa'azi da ita da janareton mai cajin waya, na ɗaure wayoyi yadda Allah ya hore mini, yara suka cika ƙofar gida. A bayan akwatin Inna ta nuna mini wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da take tokare ƙofar ɗaki da shi, ta ce, “Malam, Baffanka fa ba ya kunna shi sai da wannan.” Na ce, “Inna, wannan ilmin lantarki ne, ki bar wa maza.” Na murɗa. Lasifika ba ta ce uffan ba, amma akwatin ya yi wani ɗan gurnani, sannan ya saki hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, wata tsaka ta fito ta baya a guje, yara suka yi kabbara.

Washegari na naɗe shi a cikin darduma, na bi ta Daura da Kazaure zuwa Kano, ina rungume da shi kamar jariri, har na biya masa kuɗin kujera. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. A Sabon Gari aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran rediyo tun zamanin garmaho, wanda ya shinshina akwatin tun kafin ya amsa sallamata, ya ce, “Alhaji, wa ya ba shi wutarmu kai tsaye?” Na ce yara ne.

Ya zaunar da ni ya karantar da ni abin da ya kamata in nema tun farko. Wannan, in ji shi, ba amfilifaya ba ce, jagoranta ne. Allurar faifai raɗa take yi, kuma masu yanka faifai sukan rage kaurin sauti su ƙara sirantarsa don waƙa ta samu wuri, bisa ƙa'idar da aka daidaita a 1954. Aikin wannan akwati shi ne ya karɓi raɗar, ya mayar mata da kaurinta, ya miƙa wa amfilifaya, kamar yadda waziri yake gyara zance kafin sanƙira ya kwarara shi ga jama'a. Ni kuwa na sa waziri shela a kasuwa. Dunƙulen ƙarfen Inna kuma taransifoma ce mai sauke wutarmu ta 230 zuwa ta Amurka, wadda ba ta wuce 120 ba.

Duk wannan na haɗiye shi, ina cewa ko matacce giwa ce. Sai ya tsoma tsumma a kananzir, ya murza tabon manjan nan, wani harafi ya leƙo a bayan lambar bakwai: T. Ya kwance murfin, ya ce in ƙirga bawul ɗin. Babu ko ɗaya, sai gidan zanzaro da ƙwan tsaka. Ya ce T ɗin nan tiransisto take nufi, ƙanen wancan ne da aka fitar daga baya, shi ma yana da darajarsa a wurin masana, amma ko da lafiyarsa bai kama ƙafar yayansa ba, balle yanzu da na gasa masa hanji. Ya taya fuskar da maɗaukan, kuɗin da bai kai na motar da na biya mana mu biyu ba.

Na komo Dutsi da bayani, amma magada suka ce su ba su san wata T ba, adadin da na rubuta da hannuna suka sani, har ƙaramar ta tambaya, cikin ladabi, ko a Kano ne harafin ya tsiro. Liman, Allah ya saka masa, ya kuɓutar da ni daga sifiran, amma ya yanke cewa wanda ya halaka dukiyar wani da gangancinsa ranko ya hau kansa, aka kimanta ɓarnar, na sayar da ragon layyata na biya kashi goma sha tara, aka bar mini biyar ɗina a cikin hayaƙi. Inna kuwa ta karɓi akwatin ba ta ce mini kome ba, ta goge shi, ta mayar da tasoshinta a kai, sannan ta miƙo mini dunƙulen ƙarfen ta ce, “Malam, tunda ilmin maza ne, tokare mini ƙofar da shi in za ka fita.”